Idan Maki Ya Cije: A Sauya Jarrabawa Ko A Sauya Salon Karatu?



Sharhin yau ya shafi wasu ɗalibai da ba a cika jin kukansu ba, domin ba a layin JAMB suke ba, ba kuma sakamakon WAEC suke jira ba. Sun gama digirin farko, da yawansu sun yi bautar ƙasa, wasu ma suna aiki a banki ko kamfanin sadarwa ko wata ma'aikata, yanzu kuma hankalinsu ya karkata ga digiri na biyu a ƙasar waje. Tsakaninsu da wannan buri sau da yawa akwai jarrabawar kwamfuta guda, ko dai GMAT ko GRE. Mutum zai shafe watanni yana karatu daga bayan isha'i har dare ya raba, makin gwajinsa ya yi ta hawa a makonnin farko, sai kuma ya cije wuri ɗaya. Wannan Asabar ya sami 575, ta gaba 585, ta gaba kuma ya sake komawa 575. A nan ne aboki zai dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, daina wahalar da kanka, koma GRE, ta fi sauƙi." Mai fama da GRE kuma a ce masa ya koma GMAT, tunda can babu haddar kalmomi.

Maganar ba ta mutum biyu ko uku ba ce. Rahoton shekara-shekara da ke ƙirga ɗaliban ƙasashen waje a Amurka ya nuna cewa a zangon karatu na 2023 zuwa 2024 akwai 'yan Najeriya sama da 20,000 a manyan makarantun ƙasar, 'yan Gana kuma sun haura 9,000. Sannan akwai batun aljihu. A shekarar 2024 kuɗin zama GMAT a cibiyar jarrabawa dala 275 ne, na GRE kuwa dala 220 a yawancin ƙasashe. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a shekarar 2024, wato zaman GMAT guda ya wuce naira 400,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira 70,000. Wanda zai biya wannan kuɗi, ko ya roƙi yayansa ya biya masa, ba zai so ya shiga ɗakin jarrabawa da "ƙila" a bakinsa ba.

Zaɓin kansa ma sabon abu ne. GRE ta girmi takwararta: an fara ta a 1936, lokacin da gidauniyar Carnegie ta haɗa kai da jami'o'in Harvard da Yale da Princeton da Columbia, daga baya kuma ta koma hannun hukumar ETS da ke jihar New Jersey. GMAT ta zo a 1954, bayan wasu makarantun koyon kasuwanci tara sun nemi a tsara musu jarrabawar kansu, kuma majalisar da ake kira GMAC ce ke da ita. Shekaru sama da hamsin kowa ya san gidansa: mai neman digirin kasuwanci na MBA ya zauna GMAT, mai neman digiri na biyu ko na digirgir a kimiyya, injiniya ko adabi ya zauna GRE. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, ETS ɗin ce ke tsarawa da gudanar da GMAT a madadin GMAC duk tsawon wannan lokaci. Da kwangilar ta ƙare aka miƙa gudanarwar ga kamfanin Pearson VUE a farkon 2006, sai ETS ta ɗauki GRE ta shiga tallarta a makarantun kasuwanci. Stanford da MIT na cikin waɗanda suka fara karɓa, Harvard ta biyo baya a 2009, yau kuwa da wuya a sami babbar makarantar kasuwanci da ba ta karɓar duka biyun. Ashe ƙofar da ɗalibi ke tunanin bi idan maki ya cije, gasar kasuwa ce tsakanin hukumomi biyu ta buɗe ta.

Gasar ce kuma ta sa duka biyun suka rage tsawo a shekara guda. A watan Satumbar 2023 ETS ta datse GRE daga kusan awa huɗu zuwa ƙasa da awa biyu. A watan Nuwamba GMAC ta fito da sabuwar GMAT mai awa biyu da kwata, ta kuma yi ritayar tsohuwar a ƙarshen Janairun 2024.

Sabuwar GMAT sassa uku gare ta, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, Turanci mai tambaya 23, da sashen nazarin bayanai mai tambaya 20, inda ake ba mutum jadawali da zane-zanen ƙididdiga ya zaro amsa daga cikinsu. Makin yana farawa daga 205 ya ƙare a 805, kuma sassan uku nauyinsu ɗaya. GRE kuwa tana buɗewa da rubutun insha'i na minti 30, sai tambayoyin Turanci 27 da na lissafi 27, kowanne an raba shi gida biyu. Ana ba da makin Turanci daban, na lissafi daban, daga 130 zuwa 170, insha'i kuma daga 0 zuwa 6.

To kafin a kai ga maganar sauyi, akwai tambayar da ake tsallakewa: anya makin ya cije da gaske?

Jarrabawa awo ce, kuma duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san mudu ɗaya a hannun mai awo ɗaya ba ya cika daidai sau biyu; yau an ɗan toza, gobe an ɗan shafe. Masu tsara jarrabawar sun san haka, har lissafinsa suna yi. A tsohon ma'aunin GMAT, ratar kuskuren awo ta kai kimanin maki 30 sama ko ƙasa. Ma'ana, wanda ya sami 575 sannan 585 sannan 575 bai koma baya ba, haka nan wanda ya tashi daga 575 zuwa 595 bai kamata ya yanka rago ba tukuna. Gwaji biyu ba sa nuna alƙibla. Sai an jera uku ko huɗu cikin makonni shida ko takwas, an yi su da agogo, a zama ɗaya, ba tare da ɗaga waya ko tashi shan ruwa a tsakiyar sashe ba, sannan a iya cewa maki ya tsaya. Kuma a yi su da gwajin masu jarrabawar kansu. Na kamfanonin share fage suna da amfaninsu wajen atisaye, amma makinsu hasashe ne kawai, wasu kan tsananta, wasu kan sassauta. Maimaita gwajin da aka riga aka yi kuwa yaudarar kai ce, domin ido ya san tambayoyin ko da ƙwaƙwalwa ta ce ta manta.

Akwai kuma cijewar da ba ta ɗalibi ba ce, ta ma'auni ce. Shekara da shekaru lambar da kowa ke ambato a GMAT ita ce 700. Wanda ya yi MBA shekaru goma da suka wuce zai ce wa ƙaninsa, "In ba ka kai 700 ba, kada ma ka nema." Gaskiya ya faɗa, amma ta zamaninsa. A jadawalin da GMAC ta fitar na daidaita tsohon maki da sabo, 645 na yanzu shi ne kwatankwacin 700 na da. Wanda ya sami 705 a sabon ma'auni yana cikin kusan mutum biyu na sama a kowane ɗari. Ke nan za a iya samun yarinya zaune a Kaduna tana kukan makinta ya maƙale a 635, tana shirin watsar da komai, alhali taku ɗaya ya rage mata ta isa inda ake nema.

Tsofaffin littattafai ma na da nasu laifin. Kwafin da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram, da waɗanda ake gada daga hannun wanda ya riga ya tafi, da yawansu na tsohon tsari ne. Cike suke da babin gyaran jimla da na jometiri da na rubutun insha'i, alhali duk an cire su daga sabuwar GMAT. Mutum ya kwana uku yana haddar dokokin da'ira da alwatika, ya shiga gwaji bai ga ko ɗaya ba, sannan sashen nazarin bayanai, wanda littafinsa ya taɓa sama-sama, ya ɗauke kashi ɗaya cikin uku na makinsa. Wannan littafi yake buƙatar sauyawa, jarrabawar ba ta yi masa komai ba.

A ce an tace duk wannan, makin kuwa ya tsaya da gaske. Abin da zai raba gardama shi ne sanin inda makin ke zuba. Bari a kawo misalin irin tambayar da ke yawan kayar da mutane a GMAT, wadda ba amsa take nema ba, so take a faɗi ko bayanan da aka bayar sun isa a ba da amsa. A ce an tambaya: shin buhunan da ke cikin sito sun fi 10? Bayani na farko ya ce sun fi 8. Bayani na biyu ya ce adadinsu yana rabuwa da 5 ba saura. Na farko shi kaɗai bai isa ba, domin suna iya zama 9 ko 20. Na biyu ma bai isa ba, suna iya zama 5 ko 15. Sai mai gaggawa ya haɗa su biyun, ya hango 15 da 20 da 25, ya ce ai sun isa, ya danna ya wuce. Ya manta da 10 ita kanta: ta fi 8, tana rabuwa da 5, amma ba ta fi 10 ba. Amsar gaskiya ita ce ko an haɗa bayanan biyu ba su isa ba. Babu wani lissafi mai wuya a nan, ɗan aji shida na firamare ya san 10 tana rabuwa da 5. Abin da ya kayar da shi rashin tsayawa ne ya nemi lambar da za ta ƙaryata shi.

Yanzu a bi wannan mutum zuwa GRE, inda aka ce masa da sauƙi. Can zai tarar da tambayar kwatanta adadi biyu. An ce wata lamba ce da ta fi sifili. A gefe ɗaya an ajiye lambar, a ɗaya gefen an ajiye lambar sau kanta. Wanne ya fi girma? Zai gwada 2 ya sami 4, ya gwada 3 ya sami 9, ya ce na biyu ya fi. Bai gwada 1 ba, inda suke kunnen doki. Bai gwada rabi ba, wanda in aka ninka shi da kansa ya koma kwata, ya ragu. Amsar ita ce ba za a iya tantancewa ba. Tambayar ta sauya riga, ramin kuwa ɗaya ne, kuma ɗabi'ar da ta jefa shi a na farko ita ce ta jefa shi a na biyu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago, an kuma biya daloli kuɗin mota.

Wannan shi ne ginshiƙin sharhin. Akwai raunin da ke bin mutum duk inda ya je, akwai kuma wanda ya rataya ga ƙirar jarrabawa. Rashin ƙwarewa a kaso da kashi cikin ɗari da aljabara, karatun Turanci a hankali har lokaci ya ƙure, gaggawar danna amsa, da yin atisaye ɗari ba tare da komawa an binciki kuskure ko ɗaya ba, duk waɗannan suna cikin jakar ɗalibi, da su zai sauka a kowace jarrabawa. A ganin wannan sharhi, yawancin makin da ke cijewa daga nan matsalarsa take, musamman ta ƙarshen. Mutane na son ƙirga tambayoyin da suka amsa, ba sa son zama da wadda suka faɗi. Wanda zai buɗe littafi guda ya riƙa rubuta kowace tambayar da ta kayar da shi, da dalilin faɗuwar, ko rashin sani ne, ko rashin lura, ko ƙurewar lokaci, cikin mako biyu zai ga hoton kansa ƙarara. Sau da yawa abu biyu ko uku ne ke ta maimaituwa.

Amma rauni na biyun ma gaskiya ne, kuma a nan ne sauyi ke da ma'ana.

Babban bambancin jarrabawar biyu yana cikin yadda kwamfuta ke bi da mutum. GMAT tana auna shi tambaya bayan tambaya: ya ci, ta ƙara wuya, ya faɗi, ta sassauta. Ba ya tsallake tambaya, dole ya ba da amsa kafin ya ga ta gaba, kuma ko da sabon tsari ya ba shi damar komawa a ƙarshen sashe, amsa uku kacal zai iya gyarawa. In lokaci ya ƙare da sauran tambayoyi, akwai hukunci a maki. Sakamakon haka, komai ƙoƙarin mutum, jarrabawar za ta kai shi inda zai riƙa jin yana nutsewa, domin haka aka ƙera ta. Akwai masu jure wannan, akwai kuma wanda da zarar ya haɗu da tambaya mai tauri sai ya kafe a kanta minti biyar, zuciya na bugawa, sauran sashen ya lalace. GRE ba haka take ba. Sashe-sashe take aunawa: yadda mutum ya yi a rukunin farko shi ke yanke wuyar na biyu, amma a cikin rukuni yana da 'yancin tsallakewa, ya ɗebe masu sauƙi tukuna, ya dawo kan masu tauri, ya sauya amsa yadda ya ga dama. Ɗalibin da ke cin tambayoyi in babu agogo, amma ya rikice in an hana shi waiwaye, wannan ba ƙarin karatu yake buƙata ba. Shi kam GRE na iya zame masa mafita ta gaske.

Sai kalkuleta. A sashen lissafin GMAT babu ita sam, sai a sashen nazarin bayanai. GRE kuwa ta ajiye ƙarama a kan allo a duk tambayoyin lissafi. Sai dai kada a ruɗu, lokacin GRE ya fi matsewa: minti 47 ne ga tambaya 27, wato ƙasa da minti biyu kowace, alhali GMAT na ba da minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Jometirin da GMAT ta sallama kuma yana nan daram a GRE.

A ɓangaren Turanci ne aka fi yi wa ɗalibanmu gurguwar shawara. Turancin GMAT na yanzu karatun nassi ne da auna hujja: a ba ka gajeriyar magana, a ce wace amsa ce ke raunana ta, ko wane zato aka gina ta a kai. Kalmominsa ba su cika tsauri ba, tunani ne mai tsauri. GRE kuwa kusan rabin tambayoyinta na Turanci cike gurbi ne, wani lokaci gurbi uku a nassi ɗaya kuma sai an ci duka ukun ake samun maki, ko a ba ka kalmomi shida a ce ka zaɓi biyu da za su ba jimla ma'ana iri ɗaya. Kalmomin irin na manyan mujallu da littattafan adabi ne, ba na hirar ofis ba. Lauya ko ɗan jarida ko malamar adabi da ta tashi da karatun littattafai za ta ji kamar an dawo da ita gida. Injiniyan da Turancinsa na aiki ne, harshe na biyu ko na uku bayan Hausa da Larabcin makarantar allo, zai tarar da kalmomi ɗaruruwa da bai taɓa gani ba suna jiransa, ga kuma insha'i da zai buga da madannin kwamfuta cikin rabin awa. Irin wannan ɗalibi, in ya gudo daga GMAT don tsoron lissafi, ya bar inda ƙarfinsa yake.

Ko maganar cewa lissafin GRE ya fi sauƙi, rabin gaskiya ce. Tambayoyin sun fi miƙewa, haka ne, amma sun miƙe wa kowa. Masu zama GRE sun haɗa da dubban masu neman digiri a injiniya da kimiyyar kwamfuta, da yawansu daga Indiya da Sin, waɗanda ke share sashen lissafi kusan tas. Shi ya sa 160 a Turanci ke ɗora mutum sama da kashi 80 cikin ɗari na masu jarrabawar, amma 160 a lissafi bai wuce tsakiyar layi da nisa ba. Kuskure biyu ko uku na sakaci sun isa su zaftare matsayi sosai. Masu tantance takardu a makarantu kuwa wannan matsayi suke dubawa, ba su damu da wace jarrabawa ce ta fi daɗin zama ba.

To ta yaya mutum zai sani? Abin farin ciki, gwadawa kyauta ce. GMAC na ba da cikakkun gwaje-gwaje biyu ba ko sisi a shafinta, ETS ma tana da nata na kyauta. Abin da ya dace shi ne ɗalibi ya ware kwana biyu ko uku ya san fasalin tambayoyin ɗaya jarrabawar, don kada baƙunta kawai ta kayar da shi, sannan ya zauna ya yi gwaji cikakke da agogo. In ya gama, kada ya kwatanta lamba da lamba, domin 315 na GRE (Turanci da lissafi a haɗe) da 595 na GMAT ba yare ɗaya suke yi ba. Ya duba mutum nawa cikin ɗari ya wuce a kowacce, ya kuma buɗe shafin makarantar da yake so ya ga matsakaicin makin ajin da ta ɗauka bara, tunda yawancinsu suna wallafa na GMAT da na GRE gefe da gefe. ETS ta taɓa fitar da manhajar da ke juya makin GRE zuwa hasashen na GMAT, GMAC kuwa ba ta amince da ita ba, don haka alƙaluman makarantar sun fi zama abin dogaro. In gwajin farko, ba tare da wani shiri ba, ya kai shi daidai ko kusa da inda watanni na karatu suka tsayar da shi a ɗaya jarrabawar, to alama ce mai ƙarfi ya sauya. In ya faɗo ƙasa sosai, ya koma inda ya fito da littafin kurakuransa, asararsa yini ɗaya ce.

Akwai masu ƙin sauyawa ko da alama ta bayyana, kuma dalilinsu biyu ne. Na farko ciwon abin da aka riga aka kashe: littattafai, kuɗin darasi, dararen da aka hana ido barci. Amma kuɗin da ya tafi ya tafi, kuma ba duka ne ya tafi a banza ba, domin aljabara da kaso da saurin karatu da aka koya suna nan, za su yi aiki a ɗaya gefen. Na biyu kunya ce, wai makaranta za ta ɗauka mutum ya gaza ne ya gudo. Wannan tunani ya tsufa. Harvard da sauran manyan makarantu sun faɗa a fili cewa ba su fifita ɗaya a kan ɗaya, kuma a azuzuwan MBA na Harvard na 'yan shekarun nan sama da kashi ɗaya cikin uku na ɗalibai da makin GRE suka shiga. Hukumomin biyu ba sa musayar bayanai, ɗalibi ne ke zaɓar makin da zai aika. Abin lura ɗaya dai shi ne, wasu makarantu kan tambayi tarihin jarrabawar mutum a takardar neman shiga, kuma in sun tambaya, gaskiya ake faɗa.

GRE na da wata fa'ida da ba ta shafi sauƙi ko wuya ba: makinta na buɗe ƙofa fiye da ɗaya. Wanda bai gama yanke shawara tsakanin MBA da digiri a tattalin arziki ko tsare-tsaren gwamnati ko lafiyar al'umma ba, maki ɗaya zai yi masa duka, GMAT kuwa galibi ta makarantun kasuwanci ce. Hatta makarantun koyon aikin lauya a Amurka, waɗanda jarrabawar LSAT ce sarauniyarsu, sun fara buɗe ƙofa: Jami'ar Arizona ta karɓi GRE a 2016, Harvard ta bi sahu a 2017. Ga ma'aikacin da ya daɗe a bakin aiki yana neman MBA ta manyan ma'aikata, GMAC na da wata gajeriyar jarrabawa ta minti 90 mai tambaya 40 da ta fito da ita a 2016. Masu sauraro a Maraɗi da Damagaram da Garwa da Injamena, waɗanda karatunsu da Faransanci ne, suna da hanya ta uku da maƙwabtansu na Najeriya ba su da ita: TAGE MAGE, jarrabawa ce da Faransanci mai maki 600, wadda manyan makarantun kasuwancin Faransa irin su HEC ke karɓa a wasu shirye-shiryensu na digiri na biyu. Wanda Turanci ne ya riƙe masa maki a GMAT, kuma Faransa ya nufa, ya fara bincika wannan.

Wani lokaci ma jarrabawar ba dole ba ce. Tun kafin annobar korona sassa da dama na digirin digirgir a Amurka, musamman na kimiyyar halittu, suka daina neman GRE, annobar ta 2020 kuma ta ƙara yawansu. Yawancin digiri na biyu na shekara ɗaya a Birtaniya ba sa neman ko ɗaya daga cikin biyun, in ban da wasu na kasuwanci da tattalin arziki. Makarantun MBA da dama suna yafe jarrabawar ga wanda ya nema kuma takardunsa suka nuna ƙarfin lissafi. Sai dai a nan akwai abin dubawa: ɗalibin da ya fito daga jami'ar da masu tantancewa ba su san ta sosai ba, kuma tallafin karatu yake nema ba gurbi kaɗai ba, maki mai kyau na daga cikin 'yan abubuwan da ke magana da yawunsa a ma'aunin da kowa ya sani.

Saura kalanda, wadda sau da yawa ita ke yanke hukuncin da ɗalibi ke zaton nasa ne. Manyan makarantun MBA na Amurka kan rufe zagayen farko na karɓar takardu a watan Satumba, na biyu a farkon Janairu. GMAT ba a sake zamanta sai bayan kwana 16, GRE sai bayan kwana 21, kuma kowacce sau biyar kawai ake yi cikin wata goma sha biyu. Cikakken sakamakon GRE kan ɗauki kwana 8 zuwa 10 kafin ya fito. Ga wanda ke zaune a Sakkwato ko Katsina ko Maiduguri, a ƙara da neman gurbi a cibiya, galibi Abuja ko Legas, da kuɗin mota da masauki, da fasfo wanda wa'adinsa bai ƙare ba kuma sunan da ke jikinsa ya dace da na rajista harafi da harafi. Akwai damar zama a gida ta intanet tun 2020, amma tana buƙatar ɗaki shiru, kyamara, da wuta da intanet da ba za su yanke ba na awa biyu, abin da ba kowace unguwa ke iya lamuncewa ba. Wanda ya yanke shawarar sauyawa a watan Yuni yana da sararin koyon sabon tsari, ya zauna, ya ma sake zama in ta kama. Wanda ya zo da maganar a tsakiyar Nuwamba yana hangen Janairu, zama ɗaya ya rage masa, ko biyu in an matsa. Maki kuwa, na GMAT ne ko na GRE, shekara biyar yake aiki, don haka wanda zagayen bana ya kuɓuce masa, abin da ya samu a Fabrairu zai shiga da shi na Satumba.